Lissafin Mai Gyaran Wuta

Ni dai waya aka kira ni in duba.
Dattijo Dalyop ya zo shagona a Dilimi
da laima a hammata, ko zama bai yi ba,
ya ce fitilun tsohuwar majami'ar bayan layin dogo
sun koyi kunna kansu da ƙarfe biyun dare.

Kafin in sauke tsani labari ya tare ni.
Mai gasa masara a bakin ƙofa ta ce farar mace ce
mai faffaɗar hula, ƙafarta ba ta taɓa ƙasa.
Wani mai keke ya rantse da abincin da zai ci
'yan haƙar kuza ne, su bakwai, laka har wuya,
waɗanda rami ya haɗiye
tun ana biyan lebura da sisi da ahu.
Ngo Kachollom mai shara ba ta tofa ba.
Ta dai daina zuwa sai rana ta fito.

Na hau silin.
Ɓera ya tuɓe wa waya riga,
in damina ta kawo danshi sai tsirara ta taɓa tsirara.
Fatalwa ta farko ke nan, na naɗe ta da salatif.
Nishin da ke hana maƙwabta barci,
mujiya ce da 'ya'ya uku a bayan katako.
Ƙararrawa kuwa iska ke lallaɓa ta
ta tagar da ƙanƙara ta fasa bara.
Farar macen na same ta rataye a ƙusa,
rigar mawaƙa ce da aka manta,
fitilar tirela ke ba ta rai in ta sha kwana.

Kwana uku, na kashe fatalwa huɗu da filaya.
Har dariya na yi ni kaɗai a saman tsani.

Daren ƙarshe na kwana ciki don in tabbatar.
Ginin dutse a watan Agusta, randa ce aka kife.
Ba abin da ya kunnu. Ba abin da ya yi tari.
Da asuba na yi alwala a bayan gini, yatsu na rawa,
na dawo tattara kaya,
na dafa bencin ƙarshe, can kusurwar hagu.

Da ɗumi.

Irin ɗumin da mutum ke bari
in ya tashi yanzu-yanzu.
Na taɓa na gabansa, ƙanƙara. Na taɓa bango, ƙanƙara.
Na kwanta ƙasa da tocila ina neman waya,
ni da na san hanyar kowace waya a ginin nan
fiye da jijiyar hannuna.
Katako ne kawai, ya ɗan lotsa a tsakiya.

Da Ngo ta zo da tsintsiya na nuna mata da haɓa.
Ta ce, kai ma ka taɓa?
Na ce, wurin wa ne?
Ta ce, ba na kowa ba ne, ɗana.
Wurin masu makara ne.
Wanda ya zo bayan an fara, nan yake raɓewa
don kada a juyo a kalle shi.
Ta share ko'ina, ta kewaye wurin.

Na rubuta wa Dalyop lissafi:
waya yadi arba'in, salatif, gilashi ɗaya, ladan hannu.
Ya ce, an gama ke nan?
Na ce, abin da ya shafi wuta an gama.

Ban gaya masa zancen Ilu ba,
ƙanena da na aika Taminus sayo fis
ranar wata Juma'a da hayaƙi ya rufe gari.
Na ce masa kada ya daɗe.

Yanzu akwai kujera a ƙuryar shagona,
ba na ɗora mata kaya, ba na ba baƙo.
Kowace safiya kafin in ɗaga ƙofa duka
nakan ɗora tafin hannu a kai.

Har yau dai sanyi.
Gobe ma zan taɓa.